Gaɓoɓin Dabbobin Gida: Ire-irensu, Gininsu da Motsinsu

Gaɓa, a ilimin ƙirar jikin dabbobi, ita ce duk wurin da ƙashi ya haɗu da wani ƙashi ko da guringuntsi, ko mahaɗar tana motsi ko ba ta yi. Layin da ya haɗa ƙasusuwan ƙoƙon kan sa gaɓa ce, kamar yadda gwiwarsa take gaɓa, ko da yake ta farkon ba ta ko gezau. Likitocin dabbobi na ƙasashe daban-daban suna kiran gaɓoɓi da sunayen Latin da ke cikin kundin Nomina Anatomica Veterinaria, wanda aka fara bugawa a 1968, bugu na shida kuma ya fito a 2017. Nazarin kansa ya girmi kundin nesa ba kusa ba. Littafin Carlo Ruini, mutumin Bolonya ta Italiya, kan ƙirar jikin doki ya fito tun 1598, makarantar likitancin dabbobi ta farko kuwa Claude Bourgelat ne ya kafa ta a birnin Liyon na Faransa a 1761. Doki aka fi damuwa da shi a wancan zamani saboda yaƙi da sufuri, shi ya sa har yau gaɓoɓinsa aka fi sani filla-filla.

Abu guda yana ta maimaituwa a kusan kowace gaɓar ƙafar dabbar gida. Siffar ƙashin takan ba da damar motsi mai faɗi, sai jijiyoyi da tsokoki su taƙaita shi. Ƙafar doki da ta saniya aikinsu ɗaukar nauyi ne da cin doguwar tafiya ba tare da ɓarnar ƙarfi ba, don haka motsinsu ya kusa komawa gaba da baya kawai. Kare ya fi su sakewa, kyanwa kuma ta fi kare. A bayanin da ke tafe, jijiyar ɗauri ita ce wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi, agara kuwa ita ce wadda ta haɗa tsoka da ƙashi.

Rabe-raben gaɓoɓi

Ana kasa gaɓoɓi gida uku bisa abin da ya shiga tsakanin ƙasusuwan: zare, ko guringuntsi, ko rami mai ruwa.

A gaɓa mai zare, wani nama mai tauri ne ya ɗinke ƙasusuwan, motsinta kuma kaɗan ne ko babu. Irin wannan ɗinki ne a ƙoƙon kai. Yana barin kai ya ɗan matse wajen haihuwa, ya kuma bar wa ƙwaƙwalwa wurin girma, daga baya sai ya rikiɗe ya zama ƙashi. Wasu ƙananan karnuka irin Chihuahua sukan rayu maɗigarsu ba ta rufe ba. Haƙori ma da zare aka riƙe shi a gurbinsa. Misalin da ya fi shafar masu doki yana ƙasa da gwiwa, inda wasu siraran ƙasusuwa biyu, ragowar yatsa ta biyu da ta huɗu, suke manne a gefen sangali ta baya. Idan aka ɗora wa ɗan dukushi aiki mai tsanani kafin ya ƙosa, zaren da ya riƙe su yakan kumbura, ya bar ƙullutun ƙashi, galibi ta cikin ƙafar gaba.

Gaɓa mai guringuntsi iri biyu ce. Akwai ta wucin gadi, wato faifan girma da ke kusa da bakin kowane dogon ƙashi, inda ƙashin yake ƙara tsawo har ranar da faifan zai rufe. A doki, faifan da ke daf da saman gwiwar gaba yana rufewa tsakanin shekara biyu da biyu da rabi, na gadon baya kuwa sai wajen shekara biyar ko fiye. Dukushi yakan yi kama da ƙosasshen doki tun ƙashinsa bai gama nuna ba, kuma masu gaggawar hawa nan suke yin ɓarna. Iri na biyu ya fi daɗewa: mahaɗar ɓari biyu na ƙashin ƙugu ta ƙasa, da fayafayan da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya, da mahaɗar muƙamuƙi a haɓa. Ta haɓa tana zama ƙashi tun da wuri a doki da alade, amma a shanu da tumaki da kare da kyanwa takan zauna ba ta haɗe ba. Wannan ne dalilin da ya sa kyanwar da ta faɗo daga bene ko mota ta buge ta, haɓarta ce ta fi saurin rabewa.

Kashi na uku, gaɓa mai ruwa, ita ce ta motsi sosai, kuma kusan dukan gaɓoɓin ƙafa irinta ne.

Ginin gaɓa mai ruwa

Bakin kowane ƙashi a cikin irin wannan gaɓa yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi da sheƙi, shuɗi-shuɗi a ƙaramar dabba, ya koma rawaya-rawaya da tsufa. Kaurinsa a kare bai cika wuce milimita ɗaya ba, a manyan gaɓoɓin doki da saniya kuwa yakan kai milimita da dama. Inda bakin ƙashi ya yi tudu, ya fi kauri a tsakiya. Inda ya yi kwari, ya fi kauri a gefe. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, wanda wata raga ta zaren kolajin da wasu manyan sinadarai masu jan ruwa suke riƙe da shi. Idan dabba ta taka, ruwan yakan matso waje ya jiƙa fuskar gaɓa. Idan ta ɗaga ƙafa, sai ya koma ciki ɗauke da abinci. Ta haka guringuntsin yake ci, domin babu jijiyar jini ko guda a cikinsa. Dokin da ya shafe makonni a turke ba a zagaya da shi, guringuntsinsa yunwa yake ji ko da akwai harawa a gabansa.

Rashin jini yana da wani sakamako mafi muni. Guringuntsin da ya ɓantare ba ya komawa yadda yake. William Hunter ya faɗi haka a takardar da ya gabatar a Landan a 1743, kuma duk ci gaban tiyata da aka samu tun daga lokacin bai rushe maganarsa ba: abin da yake cike gurbin wani nama ne mai zare wanda bai kai na asali ƙarko ba. Jijiyar jin zafi ma babu a cikinsa, saboda haka yana iya cinyewa a hankali dabbar ba ta nuna komai ba, sai lahanin ya kai ga ƙashin da ke ƙarƙashi ko ga jakar gaɓa sannan ɗingishi ya bayyana. A wasu gaɓoɓin doki da shanu akwai 'yan ramuka marasa guringuntsi waɗanda halitta ce, ba cuta ba, kuma sabon mai duba nama a mayanka yakan ɗauke su a matsayin gyambo.

Jakar gaɓa ta kewaye bakin ƙasusuwan biyu, ta rufe ramin ruf. Bangonta na waje mai tauri ne, yana da kauri inda ake bukatar riƙo, yana da sako-sako ta ɓangaren da gaɓar take buɗewa. Ta ciki an shimfiɗa wani lallausan tantani mai yawan jijiyoyin jini, mai ƙwayoyin halitta iri biyu: masu share tarkace, da masu zuba sinadarin hayaluronan da ke ba ruwan gaɓa kauri. Wannan ruwa duk mahaucin da ya taɓa datse ƙafar sa a gwiwa ya san shi, garai-garai ne mai ɗan rawaya, da yauƙi kamar na kuɓewa. Na lafiyayyar gaɓa ba ya daskarewa idan an zuƙo shi, kuma in an ɗiga shi tsakanin yatsu biyu aka ware, yakan ja zare kafin ya tsinke. Yawansa bai taka kara ya karya ba, da ƙyar ake samun mililita ɗaya a mafi yawan gaɓoɓin kare. Likita yakan fara gane gaɓar da ƙwayoyin cuta suka shiga daga kamannin ruwan, domin yakan gurɓace, ya tsinke, ya yi gudaji. A lafiyayyen doki ƙwayoyin halittar da ke cikin kowace mikrolita ɗaruruwa ne kawai, a gaɓa mai mugunya kuwa dubun dubata.

Jijiyoyin ɗauri galibi suna gefe da gefe, ɗaya ciki ɗaya waje, suna hana gaɓa karkacewa. Kaɗan ne suke can cikin gaɓar, kamar biyun da suka gitta wa juna a gwiwar baya. Inda fuskokin ƙashi ba su dace da juna ba, akan sami guringuntsi mai zare ya cike giɓin: biyu masu siffar jinjirin wata a gwiwar baya, da ake kira meniskus, da faifai guda a gaɓar muƙamuƙi, da leɓen da ya ƙara wa gurbin kwatangwalo zurfi. A wajen gaɓa kuma akwai 'yan jakunkunan ruwa da ke shiga tsakanin agara ko fata da tsinin ƙashi, da kube mai ruwa da ke lulluɓe agara inda ta ratsa gaɓa. Bambance kumburin waɗannan da na gaɓar kanta yana cikin aikin farko na mai duba dabba.

Jaka da jijiyoyin ɗauri cike suke da jijiyoyin saƙo, masu kai labarin zafi da na yadda ƙafa take a tsaye ko a naɗe. John Hilton ya nuna a 1863 cewa jijiyar da take motsa tsokokin wata gaɓa ita ce kuma take kai reshe ga gaɓar da fatar da ke kanta. Tun a ciki ma sai da motsi gaɓa take ƙeruwa daidai. Idan cuta ta taɓa lakar ɗan tayi ya daina motsi, akan haife shi da gaɓoɓi a ƙage, kamar yadda aka gani a 'yan tumaki da 'yan maruƙa a Turai bayan ɓullar ƙwayar cutar Schmallenberg a Jamus a 2011.

Siffa da motsi

Motsin da ya fi yawa shi ne naɗewa da miƙewa. Akwai kuma zarcewa, inda gaɓa take wuce miƙe ta lanƙwasa ta ɗaya ɓangaren. Da warewa daga jiki da matsowa gare shi. Da juyawar ƙashi a kan tsawonsa. Da zamewar fuska a kan fuska. Idan naɗewa da warewa da miƙewa da matsowa suka biyo juna, sai ƙafa ta yi kewaye.

Gaɓa mai shimfiɗaɗɗiyar fuska zamewa kawai take yi, kamar waɗanda ke tsakanin fikafikan ƙasusuwan gadon baya. Gaɓa mai buɗe-da-rufe tana motsi ta hanya ɗaya, kuma irinta ta fi yawa a ƙafar masu kofato, inda sau da yawa ake samun tudu a ƙashi ɗaya da kwari a ɗayan don kada ta goce. Gaɓa mai juyi ita ce ta tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu. Akwai mai siffar ƙwai da mai siffar sirdi, masu motsi ta hanya biyu, sai mai ƙwallo da gurbi, wato kafaɗa da kwatangwalo, wadda bisa siffa tana iya motsi ko ta ina. Wannan rabo yana da amfani ga ɗalibi, amma bai kamata a dogara da shi wajen hasashen motsi ba. Kafaɗar doki ƙwallo da gurbi ce, amma a aikace buɗe-da-rufe take yi.

Ƙafar gaba

Ƙafafun gaba suna ɗauke da kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari na nauyin dabba, duk da haka babu gaɓar ƙashi da ta haɗa su da gangar jiki. Doki da shanu ba su da ƙashin karankarma irin na mutum, na kare ɗan ɓurɓushi ne, na kyanwa siriri ne a binne cikin tsoka. Ƙirji yana rataye ne tsakanin allunan kafaɗa biyu a kan tsokoki, allon yana zamewa a kan haƙarƙari, abin da ke ƙara wa taku tsawo, ya kuma rage girgiza idan dabba ta dira.

Gaɓar kafaɗa ba ta da jijiyoyin ɗauri na gefe. Agarar tsokokin da ke kwance a kan allon ciki da waje su ne suke riƙe ta. A zamanin da dawaki suke jan kekuna da garma a Turai da Amurka, abin wuyan da bai zauna daidai ba yakan danne jijiyar saƙon da ta ratsa gaban allon, tsokokin su shanye, kafaɗar ta riƙa ficewa waje duk lokacin da dokin ya taka. Gaɓar da ke ƙasa da ita, takwarar gwiwar hannun mutum, tana manne da ƙirji. A doki da shanu ƙasusuwan radiyos da alna da ke ƙasa da ita sun manne da juna, don haka ba sa iya juya kofato. A kare sun rabu kaɗan, a kyanwa kuwa sosai, har takan juya tafinta ta riƙe ɓera ko ta wanke fuska.

Abin da ake kira gwiwar gaba takwarar wuyan hannun mutum ce. Ƙananan ƙasusuwa ne jere biyu, bakwai ko takwas a doki, shida a saniya, bakwai a kare, takwas a alade. Hawa uku ne: a doki na sama yana buɗewa kimanin digiri 90, na tsakiya wajen 45, na ƙasa kuwa kusan ba ya motsi. A kanta saniya da raƙumi suke fara gurfana idan za su kwanta, kuma raƙumi yana da kanta mai kauri a nan, da kuma a ƙirji da gwiwar baya.

Daga nan zuwa ƙasa, doki yana tsaye ne a kan yatsa ɗaya tak, ta uku, shanu da tumaki da awaki da raƙumi kuwa a kan ta uku da ta huɗu. Gaɓoɓi uku ne a yatsar: ta gindi, ta tsakiya, da ta cikin kofato. Ta gindin yatsa, wadda ke ƙarshen sangali, ko a tsaye a zarce take, a sukuwa kuwa takan sauka har ta kusa taɓa ƙasa. Hotunan da Eadweard Muybridge ya ɗauka a Palo Alto ta Kalifoniya a 1878 su suka fara ba mutane damar ganin ƙafar doki mai gudu daki-daki. Abin da ke hana gaɓar rushewa shi ne wata ƙaƙƙarfar jijiya da ta sauko ta bayan sangali ta kama wasu ƙananan ƙasusuwa biyu a bayan gaɓar, tare da agara biyu masu naɗe yatsa. Suna miƙewa idan nauyi ya sauka, su ajiye ƙarfin, su mayar da shi idan ƙafa za ta tashi. Sauƙin gudun doki daga nan yake, yawancin raunin dawakin tsere ma nan yake faruwa.

Ƙafar baya

Ita ce mai tura jiki gaba, don haka ƙashin ƙugu ya haɗe da gadon baya da gaɓa mai matuƙar tauri. Dab da haihuwa, sinadaran jiki, ciki har da rilaksin wanda Frederick Hisaw ya gano a 1926, suna sassauta jijiyoyin ƙugu. Lotsawar da makiyayi yake gani a gefen gindin wutsiyar saniya kafin ta haihu, ita ce wannan sassautawa.

Kan ƙashin cinya yana ɗaure a cikin gurbinsa da wata gajeriyar jijiya. Doki da jaki suna da ƙarin jijiya ta biyu da ta taso daga gaban ƙashin ƙugu, wadda take hana cinya warewa sosai. Shi ya sa harbin doki ya fi zuwa baya, saniya kuwa takan kai shuri gaba da gefe, inda mai tatsa yake tsugune. Ba a ce tsayawa a gefen doki kariya ce tabbatacciya ba. Rashin wannan jijiya ta biyu yana cikin abin da ke sa kwatangwalon saniya gocewa idan ta zame a kan siminti bayan haihuwa. A kare ma kwatangwalo ce gaɓar da ta fi gocewa, yawanci bayan bugun mota.

Ainihin gwiwa tana can sama kusa da ciki, kuma ta fi kowace gaɓa sarƙaƙiya. Gaɓa biyu ce a haɗe: ƙashin cinya da tibiya (ƙashin da ke ƙasa da gwiwar), sannan ƙashin cinya da ƙoƙon gwiwa. Ƙoƙon gwiwar kare jijiya ɗaya ce ta ɗaure shi da tibiya, na doki da saniya kuwa uku. A doki, ta ciki da ta tsakiya suna yin madauki wanda yake iya rataya a kan wani tudu a ƙarshen ƙashin cinya, gwiwar ta kulle a miƙe. Wata agara ta gaba da wata ta baya kuma sun haɗa gwiwar da gaɓar dunduniya yadda ɗaya ba ta naɗewa sai da ɗayar. Idan gwiwa ta kulle, dunduniya ma ta kulle, sai dokin ya tsaya a ƙafa ɗaya ya hutar da ɗayar a kan bakin kofato, kusan ba tare da tsoka ta yi aiki ba. Ƙafar gaba tana da nata tsarin na agara mai irin wannan aiki. Da su doki yake gyangyaɗi a tsaye, ko da yake barci mai nauyi sai ya kwanta. Wani lokaci makullin yakan ƙi sakin ƙoƙon, dabbar ta riƙa jan ƙafa a sandare, kofato yana sharar ƙasa. Ana ganin wannan a dawaki da shanu, da ɓaunar ruwa ta Indiya, kuma a shanu maganinsa shi ne a yanke jijiyar ta ciki.

A kare, matsalar gwiwa ita ce tsinkewar jijiyar gaba cikin biyun da suka gitta. Saman tibiyarsa a gangare yake, saboda haka duk taku yana tura tibiya gaba, jijiyar kuma ita take tare ta har ta gaji. Tiyatar da Barclay Slocum ya bayyana a Amurka a 1993 ba ta gyara jijiyar, sai dai ta yanka ƙashin ta daidaita gangaren yadda gwiwar za ta tsaya ba tare da ita ba.

Gaɓar dunduniya, wadda ta lanƙwasa baya, takwarar idon sawun mutum ce, tsininta kuma shi ne diddige. Ƙasusuwanta shida ne a doki, biyar a saniya, bakwai a kare da alade. A doki kusan dukan motsin yana hawan sama, hawa ukun da ke ƙasa ba sa motsin kirki. A shanu da tumaki babban ƙashin gaɓar yana da fuskar motsi sama da ƙasa, don haka dunduniyarsu ta fi naɗewa.

Kai da gadon baya

Gaɓar muƙamuƙi tana bin abincin dabba. Ta kare da kyanwa buɗewa da rufewa take yi, ta riƙe gam. Ta doki da masu tuƙa shimfiɗaɗɗiya ce, tana barin muƙamuƙi ya yi gefe da gefe wajen niƙa ciyawa. Gaɓar ƙoƙon kai da ƙashin wuya na farko ita ce ta ɗaga kai da sunkuyar da shi, kuma nan mahauta suke cire kai. Ta biye da ita ta juya kai hagu da dama. Waɗannan biyu ba su da faifai a tsakani. Wata jijiya mai talewa da ta tashi daga doron kafaɗa tana taimaka wa doki da sa ɗaukar nauyin kai; ta kare siririya ce, alade da kyanwa kuwa ba su da ita.

Fayafayan gadon baya suna da zobe mai zare a waje da taushi a tsakiya. Kimanin kashi 10 cikin ɗari na tsawon gadon baya ne a masu kofato, 16 a kare, wajen 25 a mutum. Bayan doki ya ƙara tauri da wasu gaɓoɓi tsakanin fikafikan ƙasusuwan ƙugu na ƙarshe, wanda hakan ya sa yake ɗaukar mahayi, kare da kyanwa kuwa suna naɗe baya su miƙe shi a guje. A karnuka masu gajerun ƙafafu irin Dachshund, tsakiyar faifan tana bushewa tun suna ƙanana, ta fashe ta danne laka, mafi yawa a mahaɗar ƙirji da ƙugu. Hansen na Suwidin ya bayyana ire-iren wannan cuta a 1952.

A kaza, yawancin ƙasusuwan baya sun manne, wuyanta mai ƙashi 14 ne yake yin motsin, kuma tudu ɗaya ne ya haɗa kai da wuya, ba biyu ba kamar na dabbobi masu shayarwa. Ƙarancin manganis a abincin 'yan tsaki yana sa agara ta sulluɓe daga kwarinta a gaɓar dunduniya, ƙafar ta karkace.

Lahani da gyara

A jarirai, babbar barazana ita ce ƙwayoyin cuta da ke shiga ta ɗanyar cibiya su bi jini su sauka a gaɓoɓi, musamman ga ɗan maraƙi ko ɗan tunkiya da bai sha dakashi isasshe ba a sa'o'in farko. Mugunya tana cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki, saboda haka tsoma cibiya a ruwan aidin da tsabtar wurin haihuwa sun fi kowace allura da za a yi daga baya. A manyan shanu akan ga wani kumburi mai ruwa, mara zafi, a gaban gwiwar gaba. Jakar ruwan ƙarƙashin fata ce ta cika, gaɓar kanta lafiya lau take. Yawan gurfana a ƙasa mai tauri yana kawo shi, amma a garken Afirka sau da yawa alama ce ta cutar burusela, wadda Fulani makiyaya suke kira bakkale. Cutar tana sa shanu ɓari, tana kuma kama mutum ta ɗanyen nono da ruwan mahaifa, don haka tsaga irin wannan kumburi da hannu ba safa ganganci ne.

A manyan karnuka irin Labrador da karen makiyayan Jamus, gurbin kwatangwalo yakan tashi ba zurfi, kan cinya yana lilo a ciki har ya cinye guringuntsi. Gado yana da hannu a ciki, ƙiba da saurin girma suna ƙara tsananta shi, kuma tun 1966 akwai gidauniya a Amurka da ke tantance hotunan kwatangwalon karnuka kafin a yi kiwo da su.

Wajen gano gaɓar da ke sa doki ɗingishi, likita yakan naɗe ta ya riƙe na kimanin minti ɗaya, sannan a sa dokin sassarfa a ga ko ɗingishin ya ƙaru. Yakan kuma zuba maganin kashe zafi a gaɓa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Nan sanin gini yake da muhimmanci, domin wasu ramuka suna buɗe wa juna: hawan tsakiya da na ƙasa a gwiwar gaban doki ruwansu ɗaya ne, maganin da aka zuba a ɗaya zai kai ɗayan.

Tunda guringuntsi ba ya dawowa, makomar lalatacciyar gaɓa ta danganta ga yawan motsin da ake bukata daga gare ta. Ƙananan hawan dunduniyar doki, idan amosani ya cinye su, sukan manne su zama ƙashi ɗaya, da kansu ko da taimakon tiyata, zafin ya ragu, dokin ya koma aiki. Gaɓar tsakiyar yatsa ma ana ɗaure ta da ƙarfe da kusoshi ta haɗe, doki da yawa kuma sukan sake ɗaukar sirdi. Gaɓar gindin yatsa idan aka haɗe ta, an ceci ran dokin ne domin kiwo, gudu kam ya ƙare. Saniyar da mugunya ta shiga gaɓar cikin kofatonta ana iya yanke mata yatsar baki ɗaya, ta ci gaba da takawa a kan ɗayar har ta ƙarasa shayarwa ko ta yi ƙibar yanka. Wannan tiyata ba ta yiwuwa a doki ko jaki, domin yatsa ɗaya gare su a kowace ƙafa.